Gansakukar da ke ƙarƙashin indararon Hajiya

A bayan ɗakin mahaifiyata a Zariya akwai wani gefen katanga da rana ba ta cika taɓawa ba, daidai inda indararo ke zubar da ruwa. Duk shekara, da zarar damina ta kankama, wurin yakan yi kore shar kamar an shimfiɗa masa karammiski, kuma duk shekara Hajiya takan sa yara su kankare shi da guntun langa-langa, domin a ganinta ƙazanta ce mai cin katanga. Bana na roƙi arziki a bar mini faɗin tafin hannu guda, ta ce, "Kai dai ba ka rabo da aikin banza," amma ta bari.

Mu Hausawa da kalma ɗaya muke kiran abubuwa biyu mabambanta. Koren nan mai santsi da ke kayar da mutum a bakin rijiya gansakuka ne, wanda ba shi da kara balle ganye; wannan na jikin katanga shi ma gansakuka ne, alhali tsiro ne sosai. Da na kusanto da kyamarar waya na ƙara girman hoton, sai na ga ɗaruruwan 'yan karare a cunkushe, kowanne bai kai tsawon farce ba, ganyaye sun kewaye shi. Yawancin ganyayen kaurinsu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, shi ya sa haske ke ratsa su.

Masana suna haɗa wannan tsiro da danginsa biyu a rukunin da ya ƙunshi nau'i kimanin 20,000. Kusan 12,000 gansakuka ne irin na katangarmu, akwai dubbai da wasunsu ke shimfiɗe a ƙasa da siffa mai kama da hanta, sai wasu 200 da 'yan kai masu fitar da tsinke kamar ƙaho. Dukansu ba su da saiwa ta ainihi, sai 'yan zarurruka da suke maƙale wa dutse ko bango da su, kuma ba su da jijiyoyi masu ƙarfi irin waɗanda ke kai ruwa daga gindin kuka zuwa ƙololuwarta. Da dukan jikinsu suke shan ruwa, wannan ne dalilin gajartarsu. Mafi tsayi a cikinsu, Dawsonia da ke fitowa a Ostireliya da Niyu Zilan, da ƙyar yake kai santimita 60.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke haihuwa. A makarantar sakandare mun zana Funaria, wani nau'in gansakuka, a littafi don cin jarrabawa, ba tare da wani ya zagaya da mu bayan aji ya nuna mana abin a raye ba. Koren da muke gani zuriya ce mai jeri ɗaya na kuromozom, wato 'yan zarurrukan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta. A kan kararenta ake samun gaɓoɓin namiji da na mace, ta macen tana da siffar gora mai dogon wuya, da ƙwai guda ɗaya a can ƙasanta. Babu fure, babu iri. Ƙwayar namiji tana da wutsiya biyu, kuma dole ta yi iyo a cikin ruwa kafin ta isa ga ƙwan. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimitoci ba, sau da yawa ma ɗigon ruwan sama ne ke fantsama ta daga wannan kara zuwa wancan, amma in babu danshi babu haihuwa ko kaɗan.

Idan an dace, ɗan da aka samu ba ya sauka ƙasa. A nan kan uwarsa yake tsirowa, siririn tsinke kamar gashi, da 'yar jaka a samansa wadda girmanta bai kai ƙwayar gero ba, sanye da hular da ta samo asali daga ragowar gorar uwar. Shi jeri biyu na kuromozom yake da su, kuma daga jikin uwar yake samun ruwa da mafi yawan abincinsa har ƙarshen ransa, wato goyo ne da ba a taɓa yaye shi. A tsakiyar Satumba na ƙirga irin waɗannan tsinkaye fiye da talatin a ɗan wurin da aka bar mini. Cikin jakar ake samar da dubban ƙwayoyi masu laushi kamar ƙura, kowacce ta koma jeri ɗaya. Idan ta nuna, hular takan faɗi, murfi ya ɓalle, sai wasu ƙananan haƙora su bayyana a bakinta, waɗanda adadinsu kan zama 4 ko 16 ko 32 ko 64. A yawancin nau'o'i haƙoran suna buɗewa idan iska ta bushe, su rufe idan an yi danshi, ta yadda ƙurar ba ta fita sai lokacin da za ta iya yin nisa. Wadda ta faɗa wuri mai laima takan fara da koren zare mai rassa, daga jikinsa kuma sababbin karare su toho.

Wanda ya fara fayyace wannan karɓa-karɓa tsakanin zuriya biyu, a 1851, wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Hofmeister, ɗan kasuwar littattafai a Leipzig wanda ya koya wa kansa ilimin tsirrai. Ya nuna cewa tsarin bai tsaya ga gansakuka ba. A bishiyar mangwaro ma akwai shi, sai dai an juya lamarin: katafariyar bishiyar ita ce mai jeri biyu, ɗaya zuriyar kuwa ta ƙanƙance ta ɓuya a cikin fure.

Tsiron da rayuwarsa ta rataya ga ruwa haka, mutum zai zaci ba zai iya da ranin ƙasar Hausa ba. A watan Maris da ya wuce na tarar da ragowar na bara a wata tsagar katangar, ya bushe ya yi launin ƙasa kamar ɓawon gyambo. Na yayyafa masa ruwan buta, kafin in gama alwala ganyayen sun miƙe sun soma kore. Ya dai dakatar da ayyukan jikinsa ne yana jira. A 2014 masu bincike na Birtaniya sun sanar da cewa gansakukar da suka haƙo daga daskararriyar ƙasa a tsibirin Signy na yankin Antatika ta sake tsirowa bayan shekara kimanin 1,500.

Game da zargin Hajiya kuwa, tana da rabin gaskiya, domin gansakuka tana riƙe danshi a jikin bango. Sai dai ba ita ta kawo ruwan ba, ta tarar da shi ne, kuma maginin da ya duba wurin ya tabbatar cewa indararon ne ya yi gajere. Mun yi da shi zai zo ya ƙara masa tsawo, amma na ce ya dakata sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, lokacin da jakunkunan za su gama zazzage ƙurarsu.