Zaibar da ta cinye min wata bakwai

Jiya na mayar da makullin lab, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, na kwashe tarkacena daga durowa, to bari in amayar da abin da ke cikina tunda yanzu ba mai riƙe min sakamako.

Waɗanda muka yi zaman ɗakin nan tare kun san aikina a kan PETM ne, zafin nan da duniya ta yi shekara miliyan 56 da suka wuce har ya ƙaru da digiri 5 ko fiye. Rigimar dai ita ce daga ina kabon ɗin ya fito, kuma wanda aka fi ɗora wa laifi shi ne aman wutar Arewacin Atilantika lokacin da Girinlan ke rabuwa da Turai, narkakken dutse ya kutsa cikin laka mai ɗauke da ragowar halittu a ƙarƙashin tekun Norwe ya gasa ta, iskar metan da ta kabon suka yi ta bulbulowa. Mu shaidar da muke farauta zaiba ce, eh ita dai ta masu wankin zinariya. Dutse in ya yi amai yana sakinta a iska, ta gama yawonta ta sauka a teku ta manne a jikin ragowar halittu, shi ya sa ba a kallon yawanta ita kaɗai, sai an raba shi da yawan kabon ɗin halittun da ke cikin lakar.

A nan na yanka wa kaina. Wani dare na gama lissafi sai ga sakamakon zaiba na samfurin laka uku ya yi tsalle sama, daidai layin lakar zamanin zafin nan inda muke fata, wallahi har sujjada na yi. Ban duba komai ba na ruga wajen oga, malamin da ke duba aikina, da safe. Shi ma bai buɗe jadawalin lambobin ba, hoton sakamakon kawai ya gani ya ce madalla, bayan sati biyu ya ɗauke shi ya tafi taro yana cewa "na gano". Wata mata ce ta ɗaga hannu ta ce Farfesa, nawa ne kabon ɗin halittu a waɗannan ukun? Ashe bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba, wanda duk mai wannan aikin ya san ƙasa da haka lissafin ba abin yarda ba ne. Ka raba lamba da ƙanƙanin abu dole ta kumbura, ɗan firamare ma ya san wannan. Zaibar ba ta ƙaru ba, abin rabawar ne ya yi ƙasa.

Laifina ne, ban musa ba. Amma da ya dawo, a gaban ƙananan ɗalibai ya tsaya ya ce ɗalibi ne ya kawo masa shirme ya kunyata shi. Wato "na gano" ta koma "ɗalibina ya yi". Ban ce uffan ba, na ce Allah ya huci zuciyarka ranka ya daɗe, domin sa hannunsa nake jira, kuma kun san sauran.

Wata bakwai na yi ina maimaitawa, wannan karon har da sulfa na auna tunda ita ma tana riƙe zaiba. Abin da ya fito ƙarami ne, ɗan hawa kaɗan kusa da inda kabon 13 ya faɗi (wani nau'in kabon ne da raguwarsa a laka ke nuna farkon zafin nan), ba irin na tsibirin Fur a Denmak ba inda layin tokar aman wuta sama da 100 ke nan a jikin gaɓa ido na gani. Amma wannan ko wa ya ɗaga hannu ina da amsa.

Ga masu shigowa: kar ka busar da samfuri da zafi mai yawa, zaiba guduwa take. Ajiye bayananka wuri biyu. Duk abin da za ka miƙa wa oga tura ta imel da kwanan wata, ko da ofishinsa na kallon naka.

Takardar binciken ta fita watan jiya, duk hotunan ciki ni na zana. Sunana ne na huɗu.