Kwana ɗaya a saman mashaya a Tewkesbury

Son araha ne ya ja mini, ba kowa ba. Wani abokin aikina Bature ya gayyace ni bikin aurensa ranar Asabar a wani ƙauye kusa da Tewkesbury, a gundumar Gloucestershire da ke yammacin Ingila. Na ce bari in tafi tun Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in kwana, in ɗan ga gari. Na buɗe waya ina neman masauki, na ga ɗaki tsaf-tsaf, kuɗinsa bai kai na sauran ba, sai na biya ban karanta komai ba. Sai da saƙon tabbatarwa ya shigo na lura da suna: The Royal Hop Pole, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta Wetherspoon, sunan wani kamfani mai gidajen giya. Duk wanda ya yi ko wata uku ne a Birtaniya ya san wannan sunan, kuma ya san ba shayi aka san su da shi ba. Sunan otal ɗin ma kansa bai ɓoye komai ba. Hop wani tsiro ne mai yaɗo da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, pole kuma sandar da yake nannaɗewa a jikinta.

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. "To Malam, yau a gidan giya za a yi shafa'i da wutiri ke nan?" Na ce mata a sama zan kwana, ba a ƙasa ba. Ta ce ai hayaƙi ma daga ƙasa yake tashi.

Daga Birmingham jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Ashchurch, wadda ke nesa da gari kamar mil biyu. Na dubi sama na ga ba hadari, na ce ƙafa ta isa. Ina tsallake babbar hanyar M5 aka fara yayyafi. Watan Yuli ne, amma Yulin Ingila ba ya alƙawari.

Abin da ya fara kama idona a cikin gari tutoci ne, an rataye su a jikin gine-gine tun daga farkon titi har ƙarshensa, kowace da zanen zaki ko tsuntsu ko wata alama. Tambarin mayaƙan da suka gwabza a nan ranar 4 ga Mayu 1471 ne, lokacin da gidan York da gidan Lancaster suke rikicin sarauta. Duk bazara ake fito da su. Ƙarƙashin tutocin, gidajen katako baƙi da fari sun sunkuyo kan titi kamar tsofaffi masu leƙen abin da ke wucewa, wasu benen sama ya fi na ƙasa faɗi. Tsakanin gida da gida akwai lunguna ƙanana, wani da ƙyar mutum biyu za su gifta juna, kowane da sunansa a rubuce. Manyan tituna uku ne suka haɗu a tsakiyar gari, High Street da Barton Street da Church Street. A kan na ƙarshen masaukina yake.

Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci. A jikin bango akwai allo da ke tuna wa mai wucewa cewa Charles Dickens ya ambaci wannan gida a littafinsa The Pickwick Papers, inda matafiyansa suka yada zango suka ci abinci. Na yi kamar allon nake karantawa, alhali waige-waige nake, kada wani ɗan gida ya ɓullo ya gan ni ina shiga. A garin da ban san kowa ba! Ɗabi'a dai ba ta neman biza.

Ma'aikaciya ta duba sunana, ta miƙo katin ɗaki, ta nuna mini matakala. Ginin haɗe-haɗe ne, wani sashe na ƙarni na 15, wani na ƙarni na 18, shi ya sa kana tafiya za ka hau taka biyu, ka sauka uku, ka sha kwana. An ƙara masa Royal a suna bayan Gimbiya Mary ta Teck, wadda daga baya ta zama matar Sarki George na biyar, ta ziyarce shi a 1891. Ɗakin da aka ba ni ba shi da abin kushewa: gado, banɗaki, butar lantarki, ganyen shayi. Na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa sallaya na yi la'asar. Ina tahiya ina jin ƙarar cokula da kofuna can ƙasa, kamar gidan biki daga nesa.

Yunwa ce ta sauko da ni. Na samu tebur a lungu na zauna ina jiran a zo a tambaye ni abin da zan ci. Minti goma, sha biyar, ma'aikata na wucewa da faranti, ba wanda ya kalle ni. Har na fara raya wani abu a zuciya. Sai wata dattijuwa a tebur na kusa ta sunkuyo ta nuna mini wata 'yar lamba da aka maƙala a gefen teburina. A nan ba a zuwa wurinka. Ko dai ka riƙe lambar teburinka ka je kanta ka faɗi abin da kake so ka biya, ko ka yi oda ta manhajarsu a waya, abinci ya same ka inda kake. Na ji kunyar zargin da na yi. Na zaɓi gasasshen dankali da wake da cuku, don naman da ban san yankansa ba ba na kusantarsa, na haɗa da lemon kwalba.

Ina ci ina kallo, kuma abin da na gani bai yi kama da hoton da na zo da shi a kai ba. Babu kiɗa, ko kaɗan. Wannan tsarin kamfanin ne a galibin gidajensa, don mutane su ji maganar juna. Ga wasu mata da miji da yara biyu suna cin kifi da soyayyen dankali. Ga wasu leburori da rigunan aiki masu ƙyalli, kowa da babban kofin gilashi, wanda suke kira pint, mililita 568. Idan kofunan suka ƙare mutum ɗaya ne zai tashi ya sayo wa kowa, zagaye na gaba wani ya tashi, kuma wanda ya sha na mutane ya sulale kafin layi ya zo kansa, ya yi abin kunyar da za a daɗe ana yi masa gori. Turawa pub suke ce wa irin wannan wuri, gajarta public house, wato gidan jama'a. A da ina ɗauka sakaya suna ce kawai.

Wani mutum mai suna Tim Martin ne ya kafa kamfanin a 1979 da mashaya ɗaya a Muswell Hill, arewacin Landan. Yau suna da kusan 800 a Birtaniya da Ailan, fiye da 50 a ciki suna da ɗakunan kwana. Dabararsu ita ce su sayi tsohon ginin da gari ya sani, banki ko silima ko gidan waya, su gyara, su bar masa tarihinsa a bango, su sayar da kaya da rahusa tun daga karin kumallo har dare. Mutane Spoons suke ce masa a taƙaice. Wani abin mamaki shi ne kafet. Kowane reshe da zanen nasa, ba ya kama da na wani, har akwai masu yawo gari-gari suna ɗaukar hotonsa. Ni ma na sunkuya na kalli na ƙasan ƙafata, don kada a ce na je ban gani ba.

Amma ban daɗe ba. Wajen ƙarfe takwas muryoyi suka fara tashi, warin giya ya fara rinjayar warin abinci, ni kuma hadisin nan da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya yana ta yi mini yawo a ka. Teburina ba giya a kai, haka ne, amma ban iya shawo kan zuciyata da wannan lissafi ba. Na fita ta baya. Lambun gidan dogo ne, yana gangarawa har bakin ruwa, reshen kogin Avon da ke bi ta bayan gari. Na zauna a can ƙarshe inda ba kowa, ruwa na tafiya a hankali, rana ba ta faɗi ba sai bayan tara.

A nan Hajiya ta kira ni ta WhatsApp. "Ka sauka lafiya? Ina ka sauka?" Na ce, "A masauki, Hajiya, wani tsohon gida ne a bakin kogi." Ta ce, "Madalla, Allah ya tsare." Ban yi ƙarya ba. Ban kuma ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da safe kamar an canza gidan. Ƙarfe takwas, wuri shiru, sai ƙamshin kofi da gasasshen burodi, kuma kusan kowane tebur tsoho ne shi kaɗai da jarida. Shayi da kofi sau ɗaya ake biya, a ba ka kofin da ba komai a ciki, ka riƙa zuwa inji kana ƙarawa. A bakin injin na haɗu da wani dattijo mai sanda, ya ga ina lalube ya nuna mini inda ake dannawa, daga nan hira ta ɗinke. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu garuruwa. Kullum yana zuwa da safe, in ji shi, domin kuɗin kofi ɗaya ya fi sauƙi a kan ɗumama gida a lokacin sanyi, kuma a nan ne kaɗai wani zai lura idan bai zo ba. Ya nuna mini teburinsa, ya nuna na wani tsohon da suke ɗaga wa juna hannu shekara da shekaru. Sai na tuna majalisar ƙofar gidanmu da teburin mai shayi, inda in aka kwana biyu ba a ga mutum ba za a aika yaro ya dubo shi. Su tasu majalisar a ƙarƙashin rufin mai sayar da giya take, kuma kamfani ne ya san ranar da za a rufe ta.

Shi ya ba ni labarin ambaliyar Yulin 2007. Garin yana daidai inda Avon ke zuba a kogin Severn, ruwa ba baƙonsu ba ne, amma na wannan shekarar ya wuce misali. Gari ya zama tsibiri, ruwa ya shiga har cikin babbar majami'a, matatar ruwa ta Mythe ta nutse, mutane kusan 350,000 a gundumar suka rasa ruwan famfo. Ya yi dariya ya ce ruwa ko'ina, amma da bokiti suke bin layi.

Daga nan na nufi majami'ar, Tewkesbury Abbey, tafiyar 'yan mintuna a kan titin. An keɓe ta a 1121, hasumiyarta ta dutse mai kusurwa huɗu ana hango ta daga ko'ina. Lokacin da Sarki Henry na takwas yake rushe gidajen sufayen Kirista, mutanen gari suka haɗa fam 453 suka saye ta, kuɗin da aka ƙiyasta na ƙararrawa da dalmar rufi. Wannan ya burge ni fiye da ginin. A ciki aka binne Yarima Edward, ɗan Sarki Henry na shida, wanda aka kashe a yaƙin 1471 yana da shekara 17. Waɗanda aka ci da yaƙi sun gudo nan neman mafaka, aka fito da su, bayan kwana biyu aka fille kawunan manyansu a tsakiyar gari. Filin da aka fi zubar da jini har yau Bloody Meadow ake kiransa, makiyayar jini, ciyawa ce kawai kore shar da masu yawo da karnuka.

Kasuwar garin Laraba da Asabar take ci, a wani filin ajiye motoci. Wanda ya taso yana jin "ranar kasuwa" zai yi tsammanin ƙura da hayaniya da kiran ciniki. Rumfuna ne 'yan kaɗan na tanti, kayan lambu, furanni, tufafi, kowane abu da farashinsa a rubuce. Ba tayi, ba albarka, ba gyara. Cikin rabin awa na gama zagaye ta sau biyu. A wani shago na sayi kwalbar mastad, wani yajin Turawa da aka san garin da shi tun zamanin da, wanda ake haɗawa da wata saiwa mai yaji. Mai shagon ta ba ni ɗanɗano a bakin cokali. Barkononmu harshe yake kamawa, wannan kuwa kai tsaye ya haye hanci ya fito da hawaye.

Na koma na ɗauki jaka, na miƙa kati. Ƙarfe sha ɗaya da rabi, dattijon yana nan a teburinsa, amma kofin shayin ya koma gefe, gilashi ya maye gurbinsa. Ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa. Bikin da ya kawo ni an yi shi lafiya, an ci an yi rawa, na sulale da wuri don kada jirgin ƙarshe ya bar ni.

Da na isa gida na ajiye wa matata kwalbar a matsayin tsaraba. Ta juya ta, ta karanta abin da aka haɗa a ciki layi-layi, har sau biyu, kafin ta yarda ta buɗe murfin.