Tsibiran Guna Yala suna da masu su

Duk wanda ya ga hotunan tsibiran San Blas a intanet zai ɗauka babu mai su: farin yashi, ruwa garai-garai, 'yan bishiyoyin kwakwa, ko bukka ɗaya babu. Amma kowace bishiya a wurin da mai ita, kamar yadda ɗorawar da ke tsakiyar daji a ƙasarmu take da wanda ya gaje ta. Kwakwar da ta faɗo da kanta ma baƙo ba ya ɗauka. Wannan ne kashedin farko da matuƙin jirgin ruwanmu ya yi mana tun ba mu hango ƙasa ba, kuma da gaske yake.

Masu wurin su ne al'ummar Guna, yankinsu kuma Guna Yala, a gaɓar Panama ta wajen tekun Karibiyan. Tsibiran sun haura 300, amma kusan 50 ne kawai ake zaune a kai. Sauran gonakin kwakwa ne, iyalai na zuwa gadi da girbi bi da bi. 'Yan kasuwar Kolombiya na shigowa da jiragen katako su sayi kwakwar, su sauke shinkafa da sukari da man girki.

Daga Kartahena ta Kolombiya muka taso a jirgin ruwa mai filafili. Babu titin mota tsakanin Kolombiya da Panama, dajin Darien ya datse hanya, shi ya sa matafiya da yawa ke bin teku. Tafiyar mil kusan 200 ce ta ruwa, kuma daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas na kaɗawa da ƙarfi, jirgi ya yi ta gudu, cikin mutum ya yi ta juyawa. Amma wurin da matuƙa suka fi tsoro shi ne bakin shiga. Duwatsun murjani ne shimfiɗe ƙarƙashin ruwa, taswira kuma ba ta cika dacewa da su ba. Matuƙinmu ya ƙi shiga Holandes, wani rukuni na tsibiran yankin, sai da rana ta ɗaga sosai, ya tsayar da mutum a goshin jirgi yana karanta launin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore yashi ne, inda ya yi ruwan ƙasa kuwa dutse ne, a kauce. Mutumin bai yi magana ba, hannu kawai yake nunawa dama ko hagu.

Da aka saki anka, ba a jima ba sai ga ulu, kwalekwalensu da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya, da ɗan filafili na yadi. Wani dattijo ne da matarsa. Shi ya kawo kifi, ita kuma ta buɗe bokiti ta fara shimfiɗa mola a gefen jirgi.

A nan na daɗe. Mola yadi ne hawa biyu zuwa bakwai, kowane da launinsa, a jera su a ɗinke. Sai mace ta sa ƙaramin almakashi ta yanka na sama, ta lanƙwasa bakin yankan ciki, ta bi shi da allura, launin da ke ƙasa ya leƙo. Haka za ta yi ta nutsawa hawa bayan hawa har tsuntsu ko kunkuru ko zanen layuka masu karkacewa ya fito. Matar ta ga ina kallon gaba kawai, sai ta karɓa ta juya mini baya, ta ɗora yatsana a kan ɗinkin. Ƙanana ne ƙwarai, a jere daidai, da ƙyar ido ke raba su. Na ce mata, "Inna, sannu da aiki," da Hausa, matuƙi ya mayar mata da Sifaniyanci, ta yi dariya. Biyu ake yi, ɗaya gaban riga ɗaya baya. Ita kanta tana sanye da irinta, da zani, da jan kallabi mai ratsin rawaya, da zoben zinariya a hanci, ƙafafunta da hannuwanta naɗe da ƙananan duwatsun ado da suke kira wini.

Wannan shigar an zubar da jini a kanta. A farkon ƙarni na 20 gwamnatin Panama ta girke 'yan sanda a tsibiran, suka shiga tilasta wa mata cire zoben hanci da wini da mola, wai don a waye da su. A watan Fabrairun 1925 Guna suka yi tawaye, ƙarƙashin Nele Kantule na tsibirin Ustupu da Simral Colman na tsibirin Ailigandi, suka far wa 'yan sandan. Amurka ta shiga tsakani aka yi sulhu, a 1938 kuma aka amince da yankin a hukumance. Har yau duk Fabrairu sai sun kwaikwayi abin da ya faru a gaban yaransu. Idan matafiyi ya yi ƙorafin cewa sai ya nemi izini kafin ya ɗauki mace hoto, ko an hana shi nutso da tulun iska, ko ba a sayar wa baƙo ko taku ɗaya na ƙasa, raina yakan sosu. Mutanen nan ba kyauta aka ba su ikon cewa a'a ba.

Kowane gari yana da saila, shugaban da baƙo ke zuwa gaisarwa ya biya kuɗin tsayawa. Da dare ana taruwa a wani babban zauren kara da ake kira onmaked nega. Saila na kwance a ragar lilo a tsakiya, yana rera tarihin Ibeorgun, wanda suka yi imani shi ya koya musu zaman duniya, cikin tsohon harshe mai wuyar ganewa, sannan wani da ake kira argar ya tashi ya warware wa jama'a. Masu sanda na zagayawa suna ɗaga murya kada kowa ya yi gyangyaɗi. A zauren nan ake yanke maganar ruwa da makaranta da rigimar gona. Aure kuwa, ango ne ke tarewa gidan surukansa ya yi wa uban matarsa aiki, don haka haihuwar 'ya mace abin murna ne sosai.

Tsibiran da ake zaune a kai ba su yi kama da na hoto ba. Gida na manne da gida, lungu da ƙyar mutum biyu su gifta, robobin da teku ke kwasowa daga nesa sun taru a gaɓa. Ruwan sha da gonakin agada da rogo da maƙabarta duk suna tudu a gaɓar Panama, sai an tuƙa ulu an je. Kuma ƙasar tsibiran ba ta fi ruwa tsawo da wani abin kirki ba. A watan Yunin 2024 iyalai kusan 300 na tsibirin Gardi Sugdub suka fara komawa wani sabon gari da aka gina musu a tudu, Isber Yala, saboda cunkoso da ruwan teku da ke shiga gidaje duk ƙarshen shekara. Gidajen a jere suke, da titi da filin da yara za su yi gudu, amma masunci sai ya yi tafiya kafin ya kai ga kwalekwalensa. Wasu dattawa sun ƙi tashi, suna nan a tsibirin.