Ranar da muka zagaya masaukin Baba da idon baƙo

Laraba, bayan sallar isha'i.

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Ƙarfe tara mutumin kamfanin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, ya ce zai iso, ni kuwa so nake kafin ya zo in lalubo takardar inshorar da Baba ya taɓa yi wa ginin. A ƙasan durowar ofis na same ta, ambulan ɗaya da rasitan gyaran janareta. Ta 2019 ce, shekara guda ta yi aiki, ba a sake waiwayarta ba. Ita ma banki ne ya sa aka yi, lokacin da Baba ya ci bashin gina ɗakin taro. Tun daga nan muke kwantar da mutane a ɗaki goma sha huɗu, muna ba da hayar fili ana kamu da walima, babu wata takarda a bayanmu.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne faɗuwar wata dattijuwa a banɗakin ɗaki na shida wancan watan. Santsin tayil ya kwashe ta, ta karye a wuyan hannu. Mu muka biya asibiti, ita kuma baiwar Allah ba ta ce komai ba sai "ƙaddara ce". Amma da za su tafi, ɗanta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min cikin ladabi, "Hajiya, ku gyara wurin nan. Ba kowa ne zai bar ku da Allah ba." Kwana uku maganar tana yi min yawo a ka.

Mutumin ya iso da hazo a gashin girarsa, ya ƙi shayi, ya ce mu fara zagayawa tukuna. Na ɗauka fenti da kujerun falo zai duba. Kai tsaye kicin ya nufa. Ya durƙusa gaban tukunyar gas, ya ce wa kukunmu ya kawo masa ruwan sabulu. Ya shafa a daidai inda tiyo ya shiga kan tukunyar, wurin da aka naɗe da baƙar roba. Muna kallo kumfa ta fara tasowa, ƙanana ƙanana, ɗaya na fashewa wata na fitowa. Babu wanda ya yi magana. Bayan wannan bangon ɗakin janareta yake, da jarkokin man dizal guda huɗu a jere. Kullum ta nan nake wucewa, kullum ina jin ɗan warin, ina cewa ai kicin ne.

Tulun kashe gobara da ke rataye a baranda, allurarsa ta sauka kan ja. A ɗaki na tara ya nuna min soket ɗin da ya yi baƙi, inda baƙi ke jona hita su tsoma a bokiti idan sanyin hunturu ya matsa. Waɗannan duk kuɗi kaɗan ke gyara su. Inda jikina ya mutu shi ne ƙofar matakalar baya. Katon kwaɗo ne a jikinta, shekara biyu ke nan, tun da wani baƙo ya sulale ta nan da asuba bai biya kuɗin kwana biyar ba. Ya tambaya, "Makullin yana wurin wa?" Na ce wurin mai gadi. Ya ce, "In wuta ta tashi a kicin ƙarfe biyar na asuba, mai gadi yana masallaci, mutanen sama ta ina za su sauko?" Matakalar gaba a bakin kicin take ƙarewa. Saboda kuɗin kwana biyar muka rufe wa mutum ashirin hanyar tsira, kuma ni da hannuna na sayo kwaɗon.

A tsakar gida ya taka murfin sokawe, ya ji yana motsi. Nan yara ke guje-guje duk ranar biki.

Bayan azahar muka zauna a falon Baba, har da Yaya da ya baro shago saboda zaman. Baba ya karɓi baƙon hannu biyu, amma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Malam, ni abin nan kama da caca yake min. Ka ba da kuɗi, in masifa ta zo ka ci, in ba ta zo ba an cinye ka. Kuma an ce da kuɗin ruwa suke juya shi." Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan damuwar ce ta haifar da takaful." Ya yi bayani cewa abin da mutum ya zuba gudummawa ce cikin asusun haɗin gwiwa, kamfani wakili ne kawai da ke karɓar ladan kula da shi, ba a sa kuɗin a harkar riba, kuma in shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda suka zuba. NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kowane kamfani kuma da kwamitin malamai da ke sa masa ido. Baba ya yi shiru, can ya ce ya tuna hadisin Ash'ariyawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su. Bai ce ya yarda ba, amma ya gyara zama.

Ni duk tunanina a da, inshora ta gobara ce, gini ya ƙone a biya ka. Yau na gane ginin shi ne ƙaramin abu. Bulo da kwano ana iya ƙiyasta kuɗinsu. Wanda ba a san iyakarsa ba shi ne haƙƙin mutane: baƙon da ya faɗi, yaron da ya rufta sokawe, mutum ɗari biyu da suka ci shinkafar walima cikinsu ya ɓaci, shagon maƙwabci da wutarmu ta lasa. Kuma doka ba ta bar wannan ga son ranmu ba. Dokar inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta wa duk ginin da jama'a ke shiga a yi masa inshorar rushewa, gobara, guguwa da ambaliya, ta yadda za a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a ciki. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Agustan 2025 ta maye gurbinta, wajabcin kuma yana nan.

Yaya ya ce to a sabunta a kan adadin da ke tsohuwar takarda, don kuɗin ya yi sauƙi. Mutumin ya girgiza kai, ya ja takarda ya yi mana lissafi. In sake gina wurin zai ci miliyan 100, kai kuma ka rubuta 50, sai gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, miliyan 5 za a ba ka, don rabin ginin ka yi wa inshora. Kowa a falon ya san abin da siminti da rodi suka zama tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023. Adadin 2019 ko bene ɗaya ba zai tayar ba yanzu. Ya kuma ja kunnenmu cewa sai kuɗi ya shiga hannun kamfani kariya take fara aiki, babu zancen "rubuta, zan kawo ƙarshen wata". Motocin baƙi a harabarmu, kayan da suka bari a ɗaki, abincin da muke sayarwa, da cinikin da za mu rasa in aka rufe wurin ana gyara, kowanne sai an ambace shi a takarda, in ba haka ba kada mu sa rai.

Sai batun ma'aikata. Mutum tara ne, biyu 'ya'yan Kawu ne da ba a taɓa rubuta sunansu a littafin albashi ba, don ana ganin 'yan gida ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai wurin aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Na kalli tabon ƙuna da ke hannun kukunmu lokacin da ya kawo ruwa. Bara mai ya zubo masa, mako uku yana gida, abin da muka yi masa kyautatawa ce kawai, ba wani haƙƙi da zai iya nema in mun hana.

Maganar da ta fi taɓa Baba ta ƙarshe ce. Rajistar da ya yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kasuwanci ce, ba kamfani mai iyakantaccen alhaki ba. Ma'ana shi da masaukin abu ɗaya ne a gaban alƙali. In aka yanke diyyar da cinikin wurin ba zai iya ɗauka ba, har gidan da Hajiya da ƙannena ke kwana ana iya taɓawa. Baba ya dubi Yaya, ya dube ni, ya ce, "Uwata, ki nemo lauya mu ji yadda ake sauyawa." Na ce, "To Baba, gobe in sha Allahu."

Ba mu sa hannu a komai ba. Mutumin zai turo rahoto da farashi cikin mako, ya ce in muka gyara abin da ya lissafa kafin nan, hakan zai shiga lissafin abin da za mu biya. Ni kuma ina so in ji ta bakin wani dillalin inshora daban, in karanta ƙananan rubutun nan layi-layi, don can ake jera abin da ba a biya.

Da la'asar aka sauya tiyon gas, aka kwashe jarkokin dizal zuwa ƙarshen fili. Mai walda zai zo da safe saboda murfin sokawe, na kuma aika a sayo tabarmar roba ta banɗaki guda goma sha huɗu. Da magariba ta kusa na ga Baba ya taso da sandarsa, ya kira mai gadi ya karɓi makulli, ya hau matakalar baya a hankali duk da ciwon gwiwarsa. Ya buɗe kwaɗon, ya sauko da shi ya ajiye min a kan tebur. Ya ce a sa sakata ta ciki, wadda ko yaro zai iya zarewa a duhu.