Hoton biki a Garwa: kasuwar tana hannun matan gida

Samari da yawa suna min magana a WhatsApp, Yaya wace kyamara zan saya in fara ɗaukar hoton biki, Canon ko Nikon, nawa ne kuɗinta, a Duwala zan saya ko in tsallaka Yola. Ina ba su amsa daidai gwargwado, amma abin da na fi so su ji shi ne, a garin nan namu Garwa ta Kamaru duk wanda zai ci abinci da hoton biki toh sai matan gida sun yarda da shi. Su ne masu bikin ai. Namiji nasa ɗaurin aure ne, a taru a ƙofar gida ko masallaci, waliyyai su yi magana, a ambaci sadaki, a shafa fatiha a raba goro da alawa kowa ya kama gabansa. Amma sa lalle, kamu, wuni, jere, kai amarya, buɗar kai, duk a hannun mata suke, kuma su ne za su zauna bayan wata shida su buɗe albam a tsakar gida su yanke hukunci, wane ya iya, wane kar a sake kiransa.

Ni na fara ne da irin aikin nan na da, ka shiga wurin biki ba wanda ya gayyace ka, ka ɗauki mutane, ka hau moto da gudu zuwa labo, wato shagon wanke hoto, a wanke, ka dawo kafin a watse ka baza hotunan a kan tebur kowa ya nemi fuskarsa ya biya sefa 500. Wanda ya tafi kafin ka dawo, hotonsa asararka ce. Da Tecno da Itel suka cika hannun mutane wannan kasuwar ta yi sanyi sosai, kowa yana ɗaukar kansa da kansa, sai ya zamana dole a ɗauke ka aikin bikin gaba ɗaya ko ka zauna. Amma wancan aikin ya bar min abu guda mai amfani, da na shiga taro nakan gane wacece uwar amarya, wacece goggo mai faɗa a ji, wane ne kawun da idan babu shi a hoto za a yi ƙorafi har shekara.

Matsalar ita ce ni namiji ne. A gidaje da yawa na unguwannin Hausare da Fulɓere da Yelwa iyakacina zaure, kuma haka ya dace, ban taɓa ganin laifin hakan ba. Ko a gidan da aka ce shigo, da na sa ƙafa sai ka ga kowa ta jawo mayafi, hira ta tsaya, amarya ta sunkuyar da kai ta sandare, ka ɗauki hoto ɗari duk iri ɗaya ba rai a cikinsu. Saboda haka na je wurin goggona na roƙe ta ta ba ni 'yarta da ta gama lise, wato sakandare, tana zaune a gida, in koya mata aikin. Sai da muka yi sharaɗi, gidan biki kawai za ta shiga cikin mata, ni ko wani ɗan moto da muka sani ne zai kai ta ya dawo da ita, kuma kuɗinta daban ne, a hannunta zan sa mata ba wai in ce ai 'yar gida ce ba. Na ba ta tsohuwar Canon 600D ɗina da lens 50mm, na nuna mata abu kaɗan, ta zaunar da amarya kusa da ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa ta gefe, kar ta kunna filas a ɗaki sai dole, ta sa ido a kan hannaye da idanu.

Ranar da ta fara dawo min da katin kyamara na wani sa lalle na buɗe a kwamfuta, wallahi na daɗe ina kallo. Ga hannun amarya a kan cinyar mai lalle, baƙin zanen bai gama bushewa ba yana ƙyalli, jan lalle a kan yatsu, ga wata ƙawa a baya ta buɗe baki tana dariya har haƙorin makkanta ya fito. Ga kakar amaryar a zaune a bakin gado da carbi, ta riƙe gefen zanen jikarta da hannu ɗaya kamar za a ƙwace mata ita, ita ba ta ma san an ɗauka ba. Duk shekarun da na yi ina zagaye gidajen biki ban taɓa samun irin wannan ba, kuma ba zan taɓa samu ba, don ita tana zama a tabarma ne cikinsu, ta gaida tsofaffi da Fulatanci, ta ci abin da aka ci, bayan ɗan lokaci kowa ya manta da kyamarar. Daga nan kiran da ake min ya canza, sai ka ji Hajiya ta ce Malam mai hoto muna da biki wata mai zuwa, amma fa da yarinyar nan za ka zo. Biki ɗaya yana haifar da uku, don a cikin ƙawayen amarya akwai wadda aka sa wa rana, akwai wadda yayarta za ta yi aure, duk suna kallon yadda aka yi aikin.

Toh amma shiga cikin gida amana ce, kuma nan ne nake da zafi. Abin da kyamara ke gani a ɗakin amarya ba na kowa da kowa ba ne, mata ba ɗankwali, ana rawa, ana wasa, matan aure ne da 'yan matan mutane. Wasu abokan sana'a suna cewa idan ba ka zuba hotuna a Facebook da TikTok ba, ba wanda zai san ka. Ni dai kafin biki nake tambaya, ango daban, amarya daban, uwar amarya daban, in ɗaya daga cikinsu ya ce a'a toh shikenan maganar ta mutu, ko da hoton ya fi kowanne kyau a duk abin da na taɓa ɗauka. Abin da nake sakawa a shafina yawanci hannu ne da lalle, kayan jere, takalmi, hular ango, adon wurin, sai kuma waɗanda suka ce da bakinsu a saka. Kwamfutar da nake aiki da ita a kulle take, yaran shago ba sa buɗe hotunan cikin gida. Kuma kusan kowane biki sai wani abokin ango ya biyo ni gefe, Oga dan Allah turo min hoton yarinyar nan mai jan mayafi, zan ba ka na ruwa. Ba na turawa. A garin nan an ga yarinyar da aka kusa fasa aurenta saboda wani guntun bidiyon rawa a bikin ƙawarta ya fita yana yawo a waya, wanda ya fitar ɗin yana can yana harkarsa, ita da iyayenta aka bari da baƙin ciki. Abin yana ci min rai ƙwarai, don mu aka yarda da mu aka buɗe wa ƙofa.

Wata maganar da nake sha da amare ita ce ta haske. Yaya a haska ni fa, a sa in yi fari. Ina gyara hoto a manhajar Lightroom kamar kowa, in daidaita haske, in cire ƙurji ko gumin da ya ɓata kwalliya, amma ba na mayar da baƙar yarinya kyakkyawa ta zama wata daban har uwarta ta kasa gane ta. Nakan nuna wa amarya wanda aka haska da na gaskiya a gefe da gefe in ce ƙanwata duba da kyau, wanne za ki so 'ya'yanki su gani. Mafi yawa nasu na gaskiya suke zaɓa. Baƙar fata idan aka ba ta haske mai laushi ta gefe tana da kyan da ba ya buƙatar ƙari, abin da ke ɓata ta shi ne filas a tsakiyar fuska da farin leshi da ke ruɗar kyamara ta duhuntar da fuskar.

Yanayin garinmu ma sai ka san shi. Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kyamara tana ɗaukar zafi musamman in ana bidiyo, sai ka riƙa kashe ta kana rufe ta da farin ƙyalle. Ɗaurin aure kuma da rana tsaka ake yi, manyan mutane cikin farar shadda, hula ta jefa inuwa a ido, in da hali na jawo su ƙarƙashin dogon yaro, in babu na sa filas kaɗan ya cike inuwar. Lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce, ba na canza lens a waje ko da wasa, don ƙura ɗaya ta shiga ciki za ka gan ta ɗigo a kowane hoto. Wuta kuma tana iya ɗaukewa a daren da ka fi buƙatarta, shi ya sa batura suna cike tun jajibere, kuma duk daren da na dawo ko ƙarfe nawa ne sai na kwafe katin a wuri biyu kafin in kwanta, 600D kati ɗaya take ɗauka, kuma biki ba a maimaita shi.

Auren meri, wato na ofishin magajin gari, shi gajere ne kuma ba ya jiran kowa. Magajin gari ko mataimakinsa zai fito da ɗamarar tutar Kamaru, kore ja da rawaya, a karanta doka, a zo wurin da ake tabbatar da abin da za a rubuta a takardar aure, mace ɗaya ne ko fiye da ɗaya, sannan sa hannun ango da amarya da shaidu. Ina tsayawa ta gefen tebur tun kafin a fara don in samu fuskokin biyun da hannun da ke rubutu a lokaci guda. Bikin maƙwabtanmu Kirista ma ina ɗauka, kafin a shiga coci nakan tambayi mai kula da wurin ina zan tsaya, a ina aka hana filas, kowane wuri da ƙa'idarsa.

Maganar kuɗi kuwa, avans, wato kafin alƙalami, rabi kafin in rubuta ranar a littafi, a turo ta waya ta Orange Money ko MoMo don saƙon ya zama shaida, sannan in tura a WhatsApp abin da muka yi yarjejeniya, wuni nawa, hoto nawa za a wanke, akwai albam ko babu, akwai bidiyo ko babu, wa zai biya ragowar, gidan ango ko gidan amarya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don bayan biki aljihun ango a bushe yake, kowane ɓangare sai ya ce ai ɗayan ne ya kira ka. Ragowar kuɗi ranar karɓar kaya, hannu da hannu. A cikin farashi ina lissafa man moto, kuɗin wanke hotuna, rabon ƙanwata 'yar goggon nan tawa da yaron da ke riƙe fitila, da wani abu da nake warewa don ranar da kyamara za ta gaji, ita ma tana tsufa. 'Yan uwa ina musu ragi kuma ina faɗa musu nawa na rage, zumunci ya fi daɗi idan kowa ya san abin da aka yi masa.

Aikin kuma na lokaci ne. Watan Sha'aban kowa na so a kai amarya kafin azumi, bayan ƙaramar Sallah da babbar Sallah haka, da rani kuma idan manoman auduga suka karɓi kuɗinsu daga kamfanin auduga na Sodecoton sai kira ya fara zuwa daga ƙauyukan wajen Pitowa da Gidar da Lagdo. Cikin azumi da tsakiyar damina shiru, a nan hoton fasfo da na takardun makaranta a watan Satumba da bikin suna suke riƙe shago. Albam mai kyau Duwala nake aikawa a buga, ya dawo ta ajans, wato kamfanin motocin fasinja, shi ya sa idan na san sati biyu zai yi nakan ce wa masu biki sati uku, gara in kira su kafin ranar da su kira ni.

Tun bayan gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, lokacin da Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau suka yi yawancin wasannin rukuninsu a filin Rumde Ajiya na nan Garwa, na lura masu hali sun fi son kai walima da dina otal ko sal, wato ɗakin taro, da fitilu masu launi da mai kiɗa, wasu har suna neman jirgin nan mara matuƙi ya ɗauko taro daga sama. Ina yin abin da zan iya, wanda ba ni da kayansa na kira abokin sana'a mai shi mu raba, haka nan idan biki biyu suka haɗu rana ɗaya na miƙa ɗaya ga wanda na yarda da halinsa, ba na karɓar avans biyu in raba kaina. Kuɗin da na tara bana ma ba jirgin zan saya ba. Ƙanwata ta fara koya wa wata ƙawarta da ke Rumde Ajiya, iyayenta sun amince, ta riga ta bi ta gidajen lalle tana riƙe mata jaka tana kallon yadda ake yi, kuma bayan babbar Sallah in Allah ya kai mu zan nemo musu kyamara ta biyu da lens 50mm, saboda yanzu akwai asabar ɗin da gida biyu ke neman mace mai hoto a lokaci ɗaya, mu kuma guda ɗaya gare mu.