Ƙarshen Hunturu a Lambun Rainon Itatuwa

Sana'ata rainon itatuwa da furanni ce, a wani ɗan fili da ke kusa da bakin Kogin Kaduna, inda nake aiki da samari uku. Yawancin masu saye ba su san mu ba sai a watan Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya zauna, kowa ya tuna cewa ƙofar gidansa ba inuwa. Amma itacen da mutum zai ɗauka ya sa a bayan mota a damina, tun ƙarshen hunturu aka gama yi masa rabin wahalarsa, a makonnin nan na Fabrairu zuwa Maris da hazo ke ja da baya, zafin bazara kuma bai gama kankama ba.

Hunturu ba ya barin lambu da kyan gani. Ƙura kan lulluɓe ganye, gefen ganyen gwanda ya ƙone, ƙasar cikin leda ta daskare har ruwa ya riƙa zurarewa ta gefe ba tare da ya kai ga saiwa ba. Saboda haka aikinmu na farko shi ne bin ledoji layi-layi, mu sassauta ƙasa da tsinke, mu ware waɗanda suka mutu, mu kuma ɗaga kowace leda daga inda take zaune, domin saiwar da ta huda ƙasan leda ta kama ƙasa, in ba a datse ta yanzu ba, ranar sayarwa sai an fizgo ta, dashen kuma ya yi yaushi a hannun mai saye.

Sai haɗin ƙasa, wanda a ganina shi ne asirin sana'ar baki ɗaya. Muna haɗa baƙar ƙasa da yashi da kashin shanu wanda ya ruɓe sarai, mu tankaɗe, mu jiƙa, mu rufe shi ya kwana biyu kafin a fara cika leda. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ana kuma samunsa da sauƙi a gonakin kaji da ke kewayen gari, to amma ɗanyensa wuta ne. Wata shekara na yi gaggawa na zuba shi bai gama ruɓewa ba, cikin mako guda layin gwaiba da na lemun tsami suka ƙone ƙurmus, kuma laifin nawa ne, ba na yaran ba. Tun daga lokacin nake tara taki tun watan Disamba, ana yayyafa masa ruwa ana juya shi, sai na tura hannu cikin tsibin na ji ba ɗumi sannan na yarda da shi.

A wannan tsakani ne kuma muke gyara rumfunan zana, tun da ranar Maris da Afrilu ba ta yi wa ƙaramin tsiro sassauci, muna kuma mayar da ban-ruwa sau biyu, da sassafe da bayan La'asar. Kogi ya ja baya, kuɗin man injin ban-ruwa ya ƙaru, ciniki kuwa babu. Watanni ne na kashe kuɗi kawai.

Abin da na fi so a aikin nan shi ne auren mangwaro. Ƙwallon da muka shuka a daminar bara ya kai kaurin fensir, sai mu yanko reshe daga uwa mai kyawun iri, kamar binta suga, mu feƙe shi, mu tsaga kan ɗan itacen mu soka, mu ɗaure da siririyar leda tamau. Ba na yarda a yi wannan aiki iskar hunturu na kaɗawa, don tana busar da yankan kafin ya haɗe. Ina jira sai na ga itatuwa sun fara sabon toho, alamar ruwan jikinsu ya motsa. Bayan kamar mako uku, idan idon reshen ya kumbura ya fito da jan ganye, aure ya kama. Ɗan aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai an ƙara haƙuri, kuma ba lallai ya gaji zaƙin uwarsa ba.

Alamomin juyawar shekara ba su da hayaniya, sai wanda ke kwana yana tashi da shuka yake lura da su. Furen mangwaro ya zube, 'ya'ya ƙanana sun bayyana. Ɗorawa ta rataye jajayen tutunta, darbejiya ta yi fure tana ƙamshi da dare. Iska ta daina zuwa daga arewa maso gabas, ta fara juyowa daga kudu, mutum ya ji gumi a jikinsa maimakon kaushi. Daga baya shamuwa ta iso, gawo kuma, wanda ya sha bamban da sauran itatuwa, ya soma shirin kaɗe ganyensa.

Akwai ruɗani guda da nake yawan warwarewa. Wata baiwar Allah daga Malali ta zo mini da ƙunshin irin furanni da aka kawo mata daga Ingila, an rubuta a jikinsa cewa a shuka a watan Maris. Na ce mata, "Hajiya, Maris ɗinsu fitowa ce daga sanyi mai ƙanƙara zuwa ɗumi, namu kuwa shiga tsakiyar zafi ce. Ki adana shi sai Nuwamba." Haka nake gaya wa masu son latas da kabeji da karas a bayan gida, cewa lokacinsu sanyi ne, yanzu kuwa a nemi kuɓewa da alayyafo da zogale.

Ruwan farko ma yana yaudara. Yakan sauka a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, ƙamshin ƙasa ya tashi, washegari mutane su cika lambu suna neman dashe, alhali yana iya ɗaukewa mako biyu ko uku. Ina sayar wa wanda ke da rijiya ko burtsatse a gida. Wanda zai kai gona kuwa nakan ce, "Alhaji, je ka haƙa rami tukuna, zurfin ƙafa biyu, ka cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki ka mayar, ka bar tazarar mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro, ka kuma tanadi ƙaya ko waya saboda awaki." Sai na rubuta sunansa a takarda na ɗaura a jikin itatuwan da ya zaɓa, mu ci gaba da shayar da su a ƙarƙashin rumfa har watan Yuni.