Jan layin ruwa zuwa tukunyar ɗan jirgina mai tururi

Toh masu tambaya ina aka kwana kan ɗan jirgin nan da nake haɗawa, aikin famfo ne ya riƙe ni. Ga wanda bai taɓa gani ba, jirgin ƙasa ne ƙarami mai aiki da kwal da tururi na gaske, tazarar dogonsa inci 5, mutum ya hau taragon baya ya ja shi da yara a bayansa. Anan Ingila abin ya yi ƙarfi sosai, kulob kulob ne dasu, yawanci dattawa 'yan fansho, akwai masu inci 3 da rabi akwai masu inci 7 da kwata. Irin injinan da suka fara isa Kano a 1911 ne dai aka ƙanƙance.

Matsalar itace tukunya tana cin ruwa kullum tunda tururi fita yake, kuma cikinta akwai firesha wajen fam 80 zuwa 100 akan kowane inci murabba'i, kaga ba zancen ka buɗe murfi ka zuba da buta bane, dole ka tura ruwan da ƙarfin da ya fi na ciki. In kuma ruwa ya yi ƙasa har rufin ɗakin wuta da ke cikin tukunyar ya fito daga cikin ruwa to jan ƙarfen da aka yi shi da shi zai yi laushi, tukunyar ta tashi aiki kenan in ma an yi sa'a bata ji wa kowa ciwo ba. Shi yasa masu duba tukunya a kulob basa yarda ka hura wuta sai sun ga hanya biyu ta shigar da ruwa wadda ɗaya bata dogara da ɗaya ba. Ni uku na sa.

Na farko famfon hannu ne a cikin tankin tarago, na ko-ta-kwana, ba wani labari akansa. Na biyu famfon da shaf ɗin ƙafafu ke juyawa, shi muddin jirgi na tafiya yana bugawa ko kana so ko baka so, don haka ake sa masa bawul na maida ruwa, ka buɗe ruwan ya koma tanki, ka rufe ya shiga tukunya. Na ɗaga bakin bututun da ke maida ruwan sama inda zan riƙa ganinsa daga mazaunina, da ido kawai zaka san famfo na aiki.

Na ukun shine injekta, kuma wallahi shi yafi ban sha'awa, shi kuma yafi rigima. Wani Bafaranshe Henri Giffard ya ƙirƙiro shi a 1858, babu abin da ke motsi a cikinsa, 'yan mazurarai ne guda uku a jere. Tururi daga tukunya ya fito ta na farko da gudu, ya haɗu da ruwan sanyi ya koma ruwa amma ya bar wa ruwan gudunsa, sai mazurari na ƙarshe da ke buɗewa a hankali ya maida gudun nan firesha har ta fi ta tukunyar da tururin ya fito, ruwa ya shige. Mutanen lokacin ma da ƙyar suka yarda abin zai yiwu. Amma fa sai da ruwan sanyi, in tanki ya ɗau ɗumi tururin baya komawa ruwa yadda ya kamata sai kaga yana ta tofarwa ƙasa. Ina tunanin mai irin wannan a Sakkwato cikin watan Afrilu sai dai ya riƙa jefa ƙanƙara a tanki.

Abin da nake son duk mai wannan aiki ya riƙe, ka ba injekta layinsa shi kaɗai tun daga tanki, da 'yar rariya a baki, kar ka haɗa shi da na famfo don ka rage bututu. Wasu suna yi amma ni ban ga ribar ba, don in layin ya sha iska ko ƙanƙanuwa ce injekta bazai kama ba, kuma irin wannan yoyon baya ɗiga balle ka gani, iska ce ke shiga ta gindin noti. Bututun na jan ƙarfe ne, na gasa shi ya yi ja ya huce kafin na lanƙwasa, kwana mai faɗi ba mai kaifi ba, bakunan kuma da azurfa ake liƙe su, dalma bata da wuri a layin tururi.

Kowane layi kuma da nasa bawul mai hana ruwa dawowa a jikin tukunya. Ɗan boris ne wanda baya tsatsa zaune akan rami, ruwa ya ɗaga shi ya wuce, firesha ta danne shi ya toshe. Ana samo wani boris ɗin daban mai girma ɗaya a ɗora akan ramin a ɗan buga sau ɗaya da ƙaramar guduma don mazaunin ya yi daidai, sannan a jefar dashi a sa sabo. Kuma kar a bashi fili da yawa na tashi, in yayi tsalle sosai baya komawa da wuri. In bawul ɗin na yoyo ruwan zafi zai riƙa dawowa ya gasa injekta, sai ka yi ta zargin injekta alhali ba ruwansa.

Wajen kunnawa ruwa ake fara buɗewa sai ya zubo ta ƙasa, sannan tururi gaba ɗaya, in ya kama zubar zata tsaya kaji yana wani ɗan fito. Ruwan sama nake tara masa na tace, don na famfon unguwarmu farin dutse gareshi mai toshe mazurarai, in sun toshe kuma a jiƙa su a ruwan tsami ne, ba'a zura musu waya ko allura, ramin na ƙara faɗi kaɗan shikenan ya lalace.

Saura gwajin firesha da ruwan sanyi a gaban mai dubawa kafin a bani takardar hura wuta, in Allah ya kaimu zan sa hotunan layukan kafin na rufe su.